Burokolin Ɗan Fari

Har yau idan na shiga babbar kasuwar Garwa na hangi burokoli a kan tire, sai in sauya layi. Gara in zaga ta wajen masu kifi in sha ƙarni da in bi ta gabansa. Yanzu ma an ɗan san shi, matan ma'aikata suna saye. A lokacin da nake ba da labari kuwa, in ka ce burokoli a unguwarmu, za a zaci sunan wata allura ce.

Mu Hausawan unguwar Jambutu ne, a nan Garwa. Kakanninmu fatake ne, da tufafi da goro suka zo, suka ga wuri suka zauna. A cikin gida Hausa muke yi, a ƙofar gida Fillanci, a asibiti Faransanci, wanda ni nawa bai wuce na gaisuwa da faɗa da mai babur ba. Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da yayata, wadda kowa ke kira Adda. Ni aurena bai zo da rabon haihuwa ba, na dawo gida. Adda ma da mijinta ya rasu gidan ta dawo, ɗakinta na kallon nawa.

Adda tana da ɗan fari, namiji. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce rashin tausayi ne, amma mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. A gidaje da yawa abin ya sassauta tuntuni. Adda kuwa da hannu biyu ta riƙe shi, ta haɗa kunyar Hausawa da ta Fulanin da muka tashi a cikinsu. Ana yaye yaron aka miƙo mini shi, ni na goya, ni na yi wankin kashi da fitsari. Yana kirana Yafendo, wato ƙanwar uwa da Fillanci, ita kuma yana ce mata Adda, yadda ya ji muna faɗa. In za ta yi maganarsa sai ta ce da ni, "Ɗan naki ya ci abinci kuwa?" alhali ga shi nan zaune kusa da ƙafarta.

Na tuna yana rarrafe ya taɓa dafa garwashi. Adda ce ta fi kusa da shi. Wallahi tana tsaye ta ƙanƙame ƙyauren ɗaki tana ƙwala mini kira, amma ba ta ɗauke shi ba, don surukarta ta zo yini tana zaune a tsakar gida. Ni na fito daga banɗaki da gudu na sure shi. Ranar na zage ta tas. Da yamma na tarar ta daka maganin ƙuna ta ajiye a bakin ƙofata.

Yaro ya girma, Allah Ya ba shi kai. Ya yi karatun harhaɗa magunguna a Yawunde, ya sami aiki a wani kantin magani a can. Duk wanda ya shigo gidan sai na gaya masa, har mai tallan ruwa. Adda in ana zancen sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ciwon a nono ya fara mata. Ta ɓoye, yadda ta saba ɓoye komai, sai da na ga ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali na tsare ta. Likitoci suka ce ciwon daji ne. A gidanmu ba wanda ya taɓa faɗin wannan sunan, "abin nan" muke cewa. Aka yi mata aiki, ɗan ya ɗauke ta zuwa Yawunde aka yi ta ƙara mata ruwan nan mai zubar da gashi. Ta dawo kamar ta warware, sai abin ya sake tasowa, ya shiga ƙashi. Likitar da ke duba ta, wata doguwar mata 'yar kudu, ta ja ni gefe ta ce yanzu sai dai a rage mata raɗaɗi.

A tsakiyar bazara ɗan ya ajiye aikinsa ya taho, lokacin da Garwa ke gasa mutum a tsaye. Ya shigo da jaka a hannu da kwali a kafaɗa. Na zaci magunguna ne. Da ya buɗe sai na ga wasu ƙananan itatuwa kore shar, kowanne da gindinsa da rassansa, kamar an tsugunar da bishiyar mangwaro a tafin hannu.

Na ce, "Ikon Allah! Wannan kuma ci ake yi ko ado?"

Ya ce, "Ci ake yi, Yafendo. Burokoli sunansa, ɗan'uwan kabeji ne. Na Adda ne."

Ya faɗi haka da ɗan ƙarfi, yana fuskantata, amma don labulen ɗakinta ya faɗa. Haka suke magana tun yana ƙarami. Ya gaya mini ta ji, ta amsa mini ya ji.

Aka kira sallah ya fita masallaci, ni kuma na ce bari in nuna masa ba a banza na tsufa a gaban murhu ba. Ganye dai ganye ne. Na ɗora tukunya, na yayyanka shi, na jefa kanwa don ya yi laushi, na sa daddawa da gyaɗa, na bar shi ya yi ta tafasa har ya narke ya koma ruwan ƙasa. To ni wa ya gaya mini? Duk ganyen da na sani a duniya, daga yakuwa, wadda a nan muke ce wa folere, har zogale da tafasa, haka ake yi masa, balle abincin mara lafiya. Sai dai wani wari ya cika gidan, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Da ya dawo ya buɗe tukunyar, sai ya ɗora hannu a ka.

"Haba Yafendo! Daga tsaunukan yamma fa aka kawo shi, ya hau jirgin ƙasa, ya hau mota."

Na ce, "Kai, kada ka yi mini ihu a gidan ubana. Da ka bar sallar ta jira ka ka yi mini bayani."

Sai ya jawo turmi ya kifa a bakin ƙofar Adda, ya zauna ya ba labulen baya, ya ɗauki reshe ɗaya da ya tsira a gindin kwali.

Ya ce, "Abubuwa biyu ne a cikinsa. Allah Ya ajiye su a ganye ɗaya, amma kowanne da ɗakinsa. Muddin yana nan ba a taɓa shi ba, ba sa haɗuwa. Sai wuƙa ta yanka, ko haƙori ya tauna, sannan su gamu su haifar da na uku. Shi na ukun ake nema, sulforafan ake ce masa. To ɗaya daga cikin biyun nan ba ya jure zafi. In kika tafasa shi haka kin kashe shi, ɗayan kuma ya tsere cikin ruwa. Warin da kike ji, dangin farar wuta ne ke fita."

Na ce, "Na ji. Yana warkarwa?"

Ya juya reshen a hannu.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. A ɗakin bincike an ga yana hana ƙwayoyin ciwon sakewa, a cikin kwalba da kuma jikin ɓeraye. An ce yana zaburar da hanta wajen fitar da datti. A jikin mutum kuwa ba wanda ya tabbatar. Masu yabonsa ma zancen kariya suke yi, kafin ciwo ya zo, ba bayan ya zauna ba. Abinci ne mai kyau, akwai sinadaran gina jiki a cikinsa. Iyakar abin da na sani ke nan."

"To in haka ne, me ya sa ka wahalar da kanka?"

"Yafendo, duk maganin da ke kantinmu na san aikinsa, kuma na san babu wanda ya rage mata. Wannan ne kaɗai ba a gama saninsa ba."

Tausayinsa ya kama ni. Sai muka ji muryar Adda daga bayan labule, a dashe.

"Ki ce wa ɗan naki ni ba hantar ɓera gare ni ba."

Ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗowa daga turmin. Ina jin ita ce zolaya ta farko da ta taɓa haɗa su, ko da yake ta kaina ta bi.

Daga nan ya koya mini yadda yake so. A yanka ƙanana, a bar shi ya ɗan sha iska don abubuwan nan biyu su gama gamuwa, sannan a ɗora a madambaci ya sha tururi kaɗan, a sauke yana nan kore, da sauran ƙarfinsa. A wurinmu wannan ɗanye ne, abincin awaki. Adda kuwa mace ce da ko salak ba ta ci, ciyawa take ce masa. Ga bakinta duk gyambo, kunun gyaɗa ma da ƙyar yake wucewa. Na kai mata kwanon ina jiran ta ture.

Ta ci. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki ta shiga taunawa, ƙurus, ƙurus, a hankali, hawaye na bin gefen idonta saboda zafi. Shi kuma yana kan turmi a waje, ya ba ƙofa baya, ya yi tsit. Tun daga ranar haka hantsinmu ya koma. In yanka, in turara, in kai mata, shi ya hau turminsa. Ta ji ya ce tauna ce ke haɗa maganin, don haka ba ta haɗiyewa sai ta niƙe shi lilis.

Labari ya bazu a unguwa cewa an kawo maganin abin nan daga Yawunde. Mata suka dinga zuwa dubiya suna roƙon reshe ɗaya. Wata ta shanya nata ta daka tana zubawa a kunu, wata ta jefa a garwashi ta yi hayaƙi da shi, ta zo tana ce mini ya kore mata ciwon kai. Ya yi ta yi musu bayani da Hausa da Fillanci cewa abinci ne kawai, suna gyaɗa kai suna ƙulle shi a bakin zane. Likitar nan da na tambaye ta, cewa ta yi ba ya cutarwa, amma a bar mara lafiya ta ci abin da ranta ke so.

Abin da ran Adda ke so na san shi, miyar folere ce da kifin Binuwai. Wata rana da ya fita sayen maganin raɗaɗi na shiga na same ta.

Na ce, "Adda, don Allah wannan azabar ta mece ce? Ba kya son abin nan, bakinki jini yake yi. Ki ce ba kya so, ni zan gaya masa."

Ta ce, "Yana jin taunar daga waje?"

"Yana ji mana. Har maƙwabta suna ji."

"To ki bar ni."

Raina ya ɓaci, na zauna a bakin gadon. Na ce, "Ki kira shi mana! Ki kira sunansa ya shigo ya zauna a nan. Uwarmu ta rasu, surukarki ta rasu, uban yaron ya rasu. Kunyar wa kike ji? Tawa? Ni da nake yi miki wanka?"

Ta juya fuska ga bango. Can ta ce, "Bakina bai san hanyarsa ba. Ki bari in ɗan ji ƙarfi."

Shi ma na tsare shi a zaure. Na ce namiji har da gemu, yana shiga ɗakin uwarsa kamar baƙo, ya miƙa ƙwaya idonsa a ƙasa ya fito. Ya ce ba ya so ya takura ta, in ya daɗe a ciki numfashinta ma canzawa yake. Sai ya ce, "Ni fa Yafendo ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba. Ba na son ta tafi ban ji ba. Amma ba roƙonsa ake yi ba."

Na rantse na so in haɗa kawunansu in gwara. Gida ɗaya, labule ɗaya tsakaninsu, ni kuma ina kai da kawowa da kwano.

Samun burokolin ma wani aiki ne. Wani abokinsa ke sayowa ya sa a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can a ɗora a motar fasinja zuwa Garwa. Shekarun nan ne da hanya ta cika da shingayen sojoji, kowane shinge a sauke kaya a bincika. Wani lokaci kwalin ya iso kore, wani lokaci ya iso ya yi rawaya yana wari. Wuta ba ta zama balle a ce firji, sai ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ya ajiye a gindin randa. Kuma ba ya yarda kowa ya karɓo masa daga ajans, wato tashar motocin, don sau ɗaya da aka aika wani, an bar kwalin a rana ƙarƙashin buhunan albasa. Da an buga masa waya mota ta iso, ko cikin cin abinci yake zai tsame hannu.

Adda ta yi ta raguwa. Ta kai reshe ɗaya take iya taunawa, daga baya rabi, daga baya ta tauna ta kasa haɗiyewa, in tara mata hannu ta zubar a ɓoye. Amma ƙarar taunar ba ta fasa ba. Ya sani ko bai sani ba, oho, ban tambaye shi ba.

Ranar da abin zai faru burokolin da ke gida ya ƙare tun jiya. Da hantsi wayarsa ta yi ƙara, aka ce mota ta iso. Ni tun safe ban ji daɗin numfashinta ba, yana fita da wani gurnani. Na ce masa, "Yau kam ka zauna. Ka aiki wani."

Ya ce, "Za su bar shi a rana. Nan da ajans ne fa, a babur zan je."

"Ya ruɓe mana! Uban wa ya ce sai da shi?"

"Jiya ba ta samu ba, Yafendo."

Ya tsaya a bakin labule, ya ɗan ɗaga murya. "Ki ce wa Adda zan je in dawo."

Na leƙa na ga ta motsa yatsa. Na ce masa ta ji, ya fita.

Ina zaune ina jiƙa mata leɓe da auduga sai ta buɗe ido tar, irin buɗewar da ta daɗe ba ta yi ba. Ba ni ta kalla ba. Ƙasan labule ta kalla, inda ƙafar turmin ke leƙowa. Sai ta kira sunansa.

Ba sunan wasa ba, sunan yanka, wanda aka raɗa masa a kunne. Ba da ƙarfi ta kira ba, kuma ba ta yi in'ina ba. Ya fito sumul, kamar kullum tana kiransa ya miƙo mata buta. Ta yi shiru tana jiran amsa, ta sake kira.

Na fita da gudu ko mayafi babu, har bakin titi. Ba kowa sai akuyar maƙwabta da wata mai tallan ƙosai. Na dawo na ɗauki wayata na kira shi, sai na ji tasa tana ringi a kan tabarmar zaure, ya manta da ita. Na koma ɗaki na ce, "Adda, yana zuwa, yanzun nan zai shigo." Ta lumshe ido. Na shiga laƙƙana mata kalmar shahada, leɓenta na bi, har ya daina bi.

Ya dawo da kwali a kafaɗa ya tarar da takalman mata sun cika ƙofar ɗaki. Ina kallonsa ya sauke kwalin a hankali a gindin randa, har ya jawo buhun ya rufe shi, sannan ya durƙusa a wurin.

Bayan an kai ta an dawo, mutane sun ɗan ragu, na same shi a kan turmin. Na yi ta shawara da zuciyata ko in gaya masa ko in bari. Na ga amana ce, ba tawa ba ce da zan riƙe.

Na ce, "Ta kira ka."

Ya ɗago. "Ta ce ɗan naki?"

"A'a. Sunanka ta kira."

Ya kalle ni. Sai ya ce, "Yaya ta faɗe shi?"

Na faɗi sunan.

Ya girgiza kai. "Wannan naki ne, Yafendo. Na san shi. Nata nake tambaya."

Na gyara murya, na sassauta, na ja ƙarshen yadda na ji ta ja. Ya karkato kunne kamar yadda yake yi wa taunarta. Na sake gwadawa. Yana nan a kunnena raɗau, amma da ya iso harshena sai ya koma nawa. A ƙarshe ya dafa hannuna ya ce in bari haka nan, ya gode.

Kwalin kuwa mantawa muka yi da shi cikin zaman makoki, sai da warin nan na farar wuta ya cika tsakar gida masu gaisuwa suka fara toshe hanci. Na yaye buhun na ga ƙasansa ya ruɓe, samansa kuma ya fitar da ƙananan furanni rawaya a cikin duhun kwali. Ni na kai shi juji da kaina don kada ya gani. Har damina ta sauka warin bai bar gindin randar ba, sai da na sauya mata wuri.

Ya koma Yawunde, ya yi aure, yanzu da 'ya'yansa. Na je sunan ɗansu na fari, na ji da kunnena yana ce wa matarsa ta kira yaron da sunansa, safe da yamma, ko gaban uban waye. Tana kira kuwa, har da tsawa. An ce suna cin burokoli a gidan, shi yake yanka shi da kansa, kuma in yaran sun tambaya yakan ce musu abinci ne mai kyau, sauran ba a tabbatar ba.

Ni ina nan a gidan ni kaɗai da 'yan haya. Wani lokaci da hantsi, ina yanka folere ko kabeji, sai in ji kiran nan ya fito daga ɗakin Adda, wanda yanzu tela ke ajiye keke a ciki. Ba tsoro nake ji ba, haushi nake ji, in ajiye wuƙar in ce, "Sai yanzu, Adda?" Mai kiran ta tafi, wanda aka kira bai ji ba, ni da ba ruwana aka bari da shi.

Yana bugo mini waya duk Juma'a. Da farko in na ɗauka nakan kira sunansa yadda na saba, sai in ji ya yi ɗan shiru kafin ya amsa, na kuma san abin da yake saurare. Shirun nan ne na kasa jurewa, na daina. Yanzu in na ɗauka sai in ce, "Ɗan Adda, kana lafiya?"

Shi kuma ya ce, "Lafiya lau, Yafendo."